Tsohon Kare da Babbar Tiyata: Abin da Ake Aunawa Kafin a Amince

Karen da ya shafe shekara tara ko goma yana gadin gida, ko yana bin garke, ko yana shiga daji tare da mafarauci, wata rana jikinsa zai fara gazawa, kuma a cikin cututtukan tsufa akwai waɗanda allura da ƙwaya ba sa yi musu komai, sai dai a buɗe jiki a yi aiki. A nan ne mai kare yake shiga tsaka mai wuya. Likitan dabbobi ya ce sai tiyata, maƙwabta su ce tsohon kare ba ya tashi daga allurar barci, kuɗin da aka yanka ya fi ƙarfin aljihu, ita kuma zuciya ta ƙi yarda a zuba ido dabbar da ta yi shekara da shekaru tana kwana a farke don tsaron iyali ta mutu cikin azaba. Yawancin mutane kan dunƙule wannan duka su mai da shi tambaya ɗaya, wato ko karen bai tsufa da tiyata ba. A ganina wannan tambaya ita ce ta fi ɓatar da mutane, domin takan sa a hana wani kare aikin da zai warkar da shi sarai, takan kuma sa a kwantar da wani a kan tebur don aikin da ba zai ƙara masa komai ba sai 'yan makonni na jinya. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne me wannan tiyata za ta samar wa wannan karen, warkewa ce, ko sauƙin ciwo, ko jinkiri kawai.

Shi kansa tsufan ba shi da ma'auni guda a wajen kare. Manyan karnuka, irin su karen Jamus da mutane ke kira karen 'yan sanda, da Rottweiler da Boerboel waɗanda suka yawaita a gidajen manyan birane, suna shiga tsufa tun suna shekara 6 ko 7, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke wuce 12. Ƙananan karnuka kuwa sukan kai shekara 10 kafin tsufa ya bayyana a jikinsu, wasu har su haura 15. Karen gida ɗan ƙasa mai matsakaicin jiki yana tsakanin waɗannan biyun. Don haka adadin shekaru shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an san irin karen da girmansa da yadda aka riƙe shi.

Tsoron allurar barci ba tsoron banza ba ne, amma yana da kyau a san girmansa. Tsakanin 2002 da 2004 an gudanar da wani babban bincike a Birtaniya ƙarƙashin jagorancin likitan dabbobi David Brodbelt, wanda aka buga sakamakonsa a 2008, inda aka bi diddigin karnuka kusan dubu 98 da aka yi wa maganin barci. A jimlace, kare 1 cikin kusan 600 ne ya mutu ta dalilin maganin a cikin awa 48. Sai dai da aka raba karnukan bisa lafiyarsu, sai lissafin ya sauya ƙwarai: a cikin masu lafiya ko masu ƙaramar lalura, 1 ne cikin 1,849, a cikin waɗanda ciwo ya riga ya ci jikinsu kuwa, 1 ne cikin 75. Binciken ya nuna haɗarin yana ƙaruwa ga karnukan da suka tsufa sosai, amma babban giɓin yana tsakanin mai lafiya da marar lafiya ne. Ya kuma nuna wani abu da masu karnuka ba su cika lura da shi ba, cewa kusan rabin mace-macen bayan an gama aiki suka auku, da yawansu a cikin awa uku na farko, lokacin da kowa ke ganin an tsallake. Waɗannan alƙaluma na asibitocin Birtaniya ne masu kayan aiki, ba za a ɗauko su a ɗora wa kowane asibiti ba, amma darasin da ke cikinsu yana aiki ko'ina. Likitoci kan sanya dabba a ɗaya daga cikin matakai biyar kafin su sa ta barci, daga mai cikakkiyar lafiya zuwa wadda ba a sa ran za ta kai gobe in ba a yi aikin ba, kuma mai kare yana da haƙƙin ya tambaya a wane mataki aka sa karensa, da dalilin sa shi a nan.

Abin da tsufa ke yi shi ne cinye rarar ƙarfin da gaɓoɓin ciki suke da shi. Hanta takan yi jinkirin narkar da magani, ƙoda takan yi jinkirin fitar da shi, zuciya ba ta iya ƙara gudu yadda ya kamata idan jini ya sauka, jiki kuma yana saurin yin sanyi a kan tebur. Duk wannan na iya ɓoye a jikin karen da ke cin abinci yana haushi kamar kullum. Ƙoda musamman tana da zurfin ciki, domin tana iya rasa kusan kashi uku cikin huɗu na aikinta kafin gwajin jini na yau da kullum ya nuna matsala, shi ya sa ake haɗa shi da gwajin fitsari, wanda ke fara tsinkewa tun kafin a kai nan. Saboda haka tsohon kare ba ya hawa tebur sai an auna yawan jininsa, an duba hanta da ƙoda, an saurari zuciya da kyau, kuma idan ƙari ne za a cire, an ɗauki hoton ƙirji don a ga ko ciwon ya riga ya isa huhu. Mutane da yawa kan nemi a tsallake waɗannan gwaje-gwaje don rage kuɗi. Ni kuwa ina ganin in ma kuɗin ba zai isa duka biyun ba, gwajin ya fi cancanta, domin shi ne zai faɗa ko tiyatar tana da amfani tun farko.

Akwai kuma wani abu da ya shafi yankinmu kai tsaye, wato kaska. Cututtukan da kaska ke sa wa kare sun zama ruwan dare a ƙasashe masu zafi, kuma wasu karnuka suna ɗauke da su shekara da shekaru ba tare da wata alama mai ƙarfi ba. Ɗaya daga cikin cututtukan tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, wata kuma tana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, dukansu biyu suna iya kumbura saifa. Karen da jininsa ba ya daskarewa yana iya zubar da shi har ya ƙare a aikin da ga wani kare ba komai ba ne, kuma saifar da ta kumbura saboda kaska magani take buƙata, ba wuƙa ba. Ɗigon jini a kan gilashi da ƙidayar ƙwayoyin jini sun isa su fito da yawancin wannan, kuma kuɗinsu kaɗan ne idan aka gwada da na tiyata.

Idan gwaje-gwaje suka nuna jiki zai iya ɗauka, sai a koma ga ainihin tambayar. Misali mafi sauƙin yanke hukunci shi ne taruwar mugunya a mahaifar tsohuwar karya. Ciwon yakan zo ne makonni huɗu zuwa takwas bayan lokacin barbara, sa'ad da sinadarin da ke shirya mahaifa don ɗaukar ciki ya rufe bakinta ya kuma raunana kariyarta, ƙwayoyin cuta su samu shiga su hayayyafa. Binciken da aka yi a Suwidin ya nuna kusan karya ɗaya cikin huɗu ko biyar da ba a cire wa mahaifa ba tana gamuwa da shi kafin ta cika shekara 10. Mai ita zai ga ta daina cin abinci, tana shan ruwa kamar ba za ta ƙoshi ba, tana yawan fitsari, wani lokaci tana amai, tana ta lasar bayanta inda wani ruwa mai wari ke fitowa. Wadda ruwan ke fitowa ma ta fi sa'a, domin idan bakin mahaifar a rufe yake, mugunyar takan taru a ciki, gubar ta shiga jini ta bugi ƙoda, mahaifar kuma tana iya fashewa. A nan shekaru ba hujjar ja da baya ba ce. Cire mahaifa da ƙwai yana kawar da tushen ciwon gaba ɗaya, fiye da tara cikin goma na waɗanda aka yi wa aikin a kan lokaci suna tashi, kuma karyar da ta tashi tana komawa rayuwarta ta da. Abin da ke kashe irin waɗannan karnuka shi ne jira, a yi ta ɗura musu maganin kashe ƙwayoyin cuta kwana da kwanaki ana fatan a kauce wa tiyata, sai lokacin da jiki ya gama raunana a kai su asibiti, a mai da aikin da haɗarinsa kaɗan ne ya zama na rai kwakwai mutu kwakwai.

Ƙari a saifa shi ne inda maganar ta fi wuya, kuma a nan ne nake so a daɗe. Yakan samu manyan karnuka masu shekaru, karen Jamus na sahun gaba. Sau da yawa ba a sanin yana nan sai ranar da ya tsage. Karen da aka gani da safe lafiya lau sai a tarar da shi da yamma ya kwanta ya kasa tashi, yana haki, cikinsa ya ɗan taso, ƙafafunsa sun yi sanyi. Idan aka ɗaga leɓensa aka duba dasashi, maimakon jan da aka saba gani sai a ga fari fat, in an danna da yatsa kuma launin ba ya dawowa cikin daƙiƙa biyu kamar na lafiyayye. Jini ne ke zuba a cikin ciki. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wani lokaci tsagewar ƙarama ce, jinin ya tsaya da kansa, jiki ya sake tsotse wanda ya zuba, washegari kare ya tashi ya ci abinci, a ce ai gajiya ce ko zafin rana. Bayan kwanaki ko makonni abin ya dawo da ƙarfi.

Kare na iya rayuwa ba tare da saifa ba, kuma cire ta aiki ne da ƙwararren likita ya saba da shi. Matsalar ita ce babu wanda zai iya tabbatar da irin ƙarin kafin a cire shi a kai ɗakin gwaji. Hoton ciki yana nuna akwai ƙari, amma ba ya rarrabe mugu da mai sauƙi yadda za a dogara da shi. Likitocin dabbobi suna da wani tsohon ƙiyasi da suke aiki da shi: kusan kashi biyu cikin uku na ƙarin saifa sankara ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan sankarar jijiyoyin jini ce, wadda ke yaɗuwa zuwa hanta da huhu da zuciya tun kafin a gano ta. Idan ƙarin ya riga ya fashe, rinjayen sankara yana ƙaruwa. In aka yi sa'a ya zama gudan jini ne ko wani kumburi marar illa, to tiyatar ta warkar da karen, yana iya ƙara shekaru. In kuwa sankarar jijiyoyin jini ce, karen da aka yi wa tiyata kaɗai yakan yi wata ɗaya zuwa uku, wanda aka bi shi da allurar sankara yakan kai wata huɗu zuwa shida, kuma ko ɗaya cikin goma ba sa kaiwa shekara. Tamkar mutum ne ya toshe yoyon rufi alhali ruwa ya riga ya jiƙa katangar ƙasa har tushe.

Saboda haka mai kare yana tsaye ne a gaban aiki ɗaya mai sakamako biyu da suka yi hannun riga, kuma an ba shi awoyi kaɗan ya zaɓa. Ba na ganin wanda ya amince a yi aikin ya yi kuskure, domin damar warkewa ta gaske tana nan, kuma hana kare wannan dama saboda tsoro kawai abu ne mai nauyi. Haka nan ba na ganin laifin wanda ya ce a'a bayan hoton ciki ya nuna tabo a hanta, ko hoton ƙirji ya nuna ɗigo-ɗigo a huhu, ko aka ga ruwa ya taru a jakar zuciya, domin a lokacin rinjayen ya koma gefe guda. Abin da nake ƙi shi ne a yi aikin a makance, ba hoto, ba gwaji, sannan a jefar da saifar da aka cire ba tare da an kai ta an duba ba, a bar mai kare yana murnar warkewa alhali ba wanda ya san abin da aka ciro.

Sankarar ƙashi tana nuna wani fannin na daban, inda tiyata ba ta warkarwa amma tana da amfani duk da haka. Takan kama dogayen ƙasusuwan manyan karnuka, galibi a ƙafar gaba, kuma raɗaɗinta yana kaiwa matakin da magunguna ba sa iya danne shi. Yanke ƙafar ba ya hana ciwon bayyana a huhu daga baya, kuma karen da aka yanke wa ba tare da allurar sankara ba yakan yi wata huɗu zuwa biyar, wanda aka haɗa masa da ita kuma wata goma zuwa shekara. Amma waɗannan watanni ne da babu wancan raɗaɗin, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu karnuka sukan ji ƙyamar ganin karensu da ƙafa uku fiye da yadda shi karen ke damuwa, domin da yawa sukan miƙe su yi tafiya cikin kwana ɗaya ko biyu. Sharaɗin shi ne sauran ƙafafun su zama masu ƙarfi. Ƙafafun gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare, don haka ƙaton karen da ƙiba ta yi masa yawa, wanda ciwon gaɓɓai ya riga ya cinye masa ƙugu, yana iya zama gurgu kwance bayan aikin, kuma shi ba a yi masa gata ba.

Sauran ayyukan ba su kai waɗannan tsanani ba. Ƙarin nono a jikin karya kusan rabinsa sankara ne, kuma wanda aka cire tun bai kai santimita 3 ba ya fi kyakkyawan ƙarshe, don haka jiran ya girma ba dabara ba ce. Tsinkewar jijiyar gwiwa ba ta kisa, ana iya ɗaukar lokaci a yi shawara, a gwada rage ƙiba da hutu da maganin ciwo, musamman ga ƙaramin kare. Akwai ma ƙarin da ba ya buƙatar wuƙa ko kaɗan, irin wanda karnuka ke ɗauka wajen barbara, mai fitowa a al'aura yana zubar da jini, wanda ya yawaita inda karnuka ke yawo sakaka. Allurar vinkiristin sau ɗaya a mako har makonni huɗu zuwa shida tana narkar da yawancinsa, alhali yanka shi yakan sa ya dawo.

Bayan an auna jikin kare da irin ciwon, saura wurin da za a yi aikin, kuma wannan ɓangare ne da muke jin nauyin tambaya a kansa. Haɗin allurar barci na ketamin da zailazin da ake yawan amfani da shi don ayyuka gajeru yana da arha kuma yana aiki ga lafiyayyen matashin kare, amma zailazin yana rage bugun zuciya, ba abin da za a yi wa tsohon kare mai raunin zuciya ko wanda jininsa ya zube ba ne. Babbar tiyata a jikin tsoho tana son a sa bututu a maƙogwaro, a ba da iskar oksijin, a riƙe barcin da iskar magani irin aisofuluren wadda ake iya ƙarawa ko ragewa nan take, a jona ƙarin ruwa tun kafin a fara, a kuma samu mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon numfashi da bugun zuciya. Tana son a san abin da za a yi idan wuta ta ɗauke. Aikin saifa yana son a tanadi jini, kuma tun da rumbun jinin kare ba abu ne da ake samu ko'ina ba, galibi sai an zo da wani lafiyayyen kare mai nauyin kilo 25 ko fiye, wanda aka tabbatar ba ya ɗauke da ciwon kaska. Sannan tana son a san wanda zai kwana da karen a daren farko. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, su ne wuraren da ake tura irin waɗannan ayyuka, kuma a can ne ake samun masu duba naman da aka cire. Likitan da ya ce wannan aiki ya fi ƙarfin kayan da yake da su, a tafi gaba, ya cancanci a ƙara amincewa da shi.

Rabin nasarar kuma a gida take. Ɗinki yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin a warware shi, aikin ƙashi kuma yana neman makonni 8 zuwa 12 na takaita motsi. Karen da ya saba kwana a tsakar gida yana buƙatar ɗaki mai tsabta da shimfiɗa, da abin wuya mai faɗi da zai hana shi lasa ko cizge zaren. A damina ƙuda na iya yin ƙwai a kan rauni, cikin kwana ɗaya ko biyu tsutsa ta fito. A hunturu tsohon kare mai jinya yana jin sanyi fiye da yadda ake zato, a bazara kuma zafi na iya kayar da shi. Dole a samu wanda zai iya tallafe shi ya fita fitsari, wanda karen ya yarda da shi, domin karen gadi mai jin ciwo yana iya cizon ko da wanda ke ba shi abinci. Kuma kada tausayi ya sa a ɗauko maganin ciwon jiki na mutane a ba shi, domin ibufurofen da daikulofenak suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa, farasitamol ma sai da awon likita. Gidan da kowa ke fita da safe ya dawo da dare, ba mai zama da marar lafiya, ya kamata ya faɗa wa likita haka tun kafin a fara.

A ƙarƙashin duk wannan lissafi akwai wani bambanci tsakanin mutum da kare wanda bai kamata a manta ba. Mutum yana iya jure wahalar jinya saboda ya san dalilinta, yana sa ran ganin auren 'yarsa ko zuwan wata damina. Kare bai san an yanka shi don amfaninsa ba, abin da ya sani shi ne yau yana jin ciwo ko ba ya ji, ya ci ko bai ci ba, mai gidansa na kusa ko ba ya nan. Don haka wata uku da aka ƙara masa ba su da daraja a wajensa sai gwargwadon kwanakin daɗin da ke cikinsu. Wata likitar sankarar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara wani ma'auni da ake amfani da shi sosai, mai duba abubuwa bakwai: ciwo, cin abinci, shan ruwa, tsabtar jiki, walwala, iya motsi, da ko kwanakin daɗi sun fi na wahala yawa. Kowanne ana ba shi maki har zuwa 10, jimlar da ta haura 35 ana ɗaukarta a matsayin rayuwar da za a iya ci gaba da ita. Amfanin irin wannan ma'auni shi ne yana tilasta wa mai kare ya kalli dabbar da ke gabansa, ba wadda yake tunawa shekaru biyar da suka wuce ba. Karen da kafin wannan ciwo yake ci, yake zagaya gida, yake taren mai gidansa a ƙofa, yana da abin da tiyata za ta mayar masa. Wanda tun watanni ya rame, ya makance, yake fitsari a kwance, tiyata ba za ta mai da shi ko'ina ba sai inda yake.

Maganar kuɗi kuma ba abin kunya ba ce. Mafarauci ko mai gadi ko magidancin da ke da kuɗin makarantar yara a gabansa bai zama marar tausayi ba don ya ce ba zai iya ba. Abin da ya dace shi ne a nemi jimlar kuɗin gaba ɗaya, da gwaji da aiki da kwana da magani da dawowa duba rauni, domin wanda ya biya kuɗin wuƙa ya kasa sayen maganin bayan aiki ya jefa karen cikin wahala biyu. Sai dai ƙin tiyata ba ya sauke nauyin da ke kan mai dabba. Abin da ake gani a wasu wurare, na kwance tsohon kare a kai shi bayan gari a watsar, ko a ɗaure shi a lungu a daina duba shi har ya mutu, zalunci ne, kuma addini ya ɗora wa mai dabba ciyar da ita ya hana shi azabtar da ita. Akwai hanyar kula ba tare da tiyata ba, da maganin ciwo na dabbobi, da abinci mai laushi, da shimfiɗa, da duba likita lokaci zuwa lokaci. Idan kuma ciwon ya kai inda ba a iya danne shi, kamar zubar jinin ciki da ke ta maimaituwa, likita yana da allurar da ke sa dabba barci mai nauyi har zuciya ta tsaya ba tare da ta ji komai ba. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, amma a fiƙihun Malikiyya akwai bayani a sarari cewa ya halatta a hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da warkewarta, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tambayi malamin da ya yarda da shi tun kafin ranar ta zo.

Ga wanda ya amince a yi aikin, akwai magana guda da ya kamata ya gama da likita kafin a sa karen barci, musamman idan ƙari ne a ciki. Yakan faru a buɗe ciki a tarar ciwon ya fantsama a hanta da rigar hanji, fiye da abin da hoto ya nuna. A wannan lokaci likita yana da zaɓi biyu, ya cire abin da zai iya ya ɗinke, karen ya farka da raunin tiyata a kan ciwon da zai kashe shi cikin kwanaki, ko kuma ya ƙara maganin ya bar shi ya wuce yana cikin barcinsa. Wannan ba hukunci ne da ake yankewa ta waya cikin minti biyu ba, likita na tsaye da safar hannu, mai kare na can kasuwa ko ofis cikin firgici. A zauna tun da farko a faɗi abin da ake so a yi idan aka tarar da haka, a sanar da mutanen gida, musamman yaran da suka shaƙu da karen, a rubuta a takardar amincewa, sannan a bar waya a kunne har a fito daga ɗakin aiki.